Abin da Ba Ya Cikin Kati

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban kwamitin asibitinmu, Malam Gabriel; iyayenmu hakimai da dagatai da suka taso daga Dabai da Manga da nan Rikoto; malamanmu limamai da fastoci, waɗanda yau Allah ya haɗa a benci ɗaya; mahaifin wadda muka taru dominta, Alhaji Na'Allah, da iyalinsa baki ɗaya; iyayenmu tsofaffin sojoji da nake hangowa can ƙarƙashin rumfa, kowa ya goge lambarsa ya maƙala a ƙirji; shugabar ma'aikatan jinya, Sista Theresa, da 'yan'uwanta ma'aikata; ƙannena likitoci masu neman ƙwarewa; jama'ar ƙasar Zuru maza da mata, waɗanda suka ajiye fartanya a tsakiyar damina suka zo: ina yi muku sallama, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana.

Ina gode wa Allah da ya riƙe mana ruwan sama tun safe. Ina gode wa matan da suka hura wuta tun da sassafe, don ƙanshin da ke tasowa daga bayan ɗakin magani ya isa shaida. Ina kuma gode wa kwamiti da ya ba ni wannan dama, ko da yake har yanzu ban gane ko girmama ni aka yi ko tsokana ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Dakta Japhet Mika, ɗan Sajan Mika na Dabai, shekarata goma sha huɗu ina aiki a wannan asibiti. Mun taru ne don mu taya Dakta Raudatu Na'Allah murnar cin jarrabawar ƙwarewa ta likitan iyali, mu kuma yi mata bankwana, domin gobe za ta kama hanyar Maiduguri inda aka kira ta koyar da likitoci. Kwamiti ya ce in tashi in bayyana wa ƙannenmu yadda ake shirya wa wannan jarrabawa. Jama'a, ku duba wannan lamari! Wadda ta shiga sau ɗaya ta ci tana zaune ana yi mata fifita, ni da na shiga sau uku na faɗi sau uku, ni aka miƙa wa lasifika. To, na karɓa. Wanda ya faɗa rijiya ai ya fi mai leƙe sanin zurfinta.

Kafin in shiga magana, bari in sauke wani kaya, don ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ina ƙyashin Dakta Raudatu. E, kun ji da kyau, kada mai fassara wa tsofaffi ya gyara mini. Ina ƙyashinta da safe, ina ƙyashinta da rana, ina ƙyashinta yanzu da nake kallon wannan satifiket da aka saka a gilashi aka jingina a gabanta. Ranar da ta fara aiki a nan, ni na nuna mata inda ake ajiye safar hannu. Ni na koya mata yadda ake gane saran kububuwa tun daga bakin ƙofa. Yau in an jera sunayenmu a takarda nata ne a sama. Malam Gabriel, kana murmushi, amma ka san ba yau na fara kawo maka ƙararta ba.

Abu na farko da zan gaya wa ƙannena shi ne su san irin jarrabawar da ke jiransu, domin ba irin wadda suka saba ba ce. Ba takarda ake ba ka ka cika ba. Can Legas ake kai ka wani dogon gini mai ɗakuna a jere. Kowane ɗaki akwai mutum zaune, lafiyarsa ƙalau, amma an koya masa ciwon da zai yi kamar yana da shi. A kusurwa ga babban likita da takarda da alƙalami, ba ya ce maka uffan, ba ya ko ɗaga maka gira. Minti goma gare ka. A cikinsu za ka gaisa, ka ji abin da ya kawo mutumin, ka gano damuwarsa, ka yi masa bayani da harshen da zai gane, ku shirya abin da za a yi. Ƙararrawa na kaɗawa sai ka fita ka shiga ɗaki na gaba, ko ka gama ko ba ka gama ba.

Da aka fara gaya mini haka, dariya na yi. Na ce ni da nake ganin mutum tamanin a yini, ni za a gwada da mai ciwon ƙarya? Ni da nake gane ciwon hanta daga launin ido, nake gane mai hawan jini daga yadda ya ja kujera? Rabin mutanen da ke zaune a nan ni na karɓi haihuwar 'ya'yansu. Kafin mutum ya buɗe baki na san gidansu, na san rijiyar da suke sha, na san ciwon da ya kashe kakansa. Sai na shiga da wannan alfahari, na fito da shi, sakamako ya zo na faɗi. Na ce an yi mini magudi. Na koma shekara ta biyu, na sake faɗuwa, na ce ai mutanen kudu ne ba sa son ɗan arewa. Ko sau ɗaya ban zauna na tambayi kaina ba.

Abu na biyu shi ne gwaji. Ba a shirya wa wannan jarrabawa da littafi kaɗai, sai ka sami mutum mai rai ka zaunar a gabanka. A watan Nuwamba na bara, da aka ce ni da Dakta Raudatu za mu shiga tare, ita ce ta kawo shawara mu riƙa gwaji kowace Talata da Alhamis bayan an sallami marasa lafiya. Na amsa ne kawai don kada a ce na ƙi. Muka share tsohon ɗakin ajiyar katifu, muka sa tebur da kujera biyu. Sista Theresa ta aro ƙararrawa daga makarantar firamare, ta cire agogon hannunta ta ajiye a gabanta. Ita ke rubuta ciwo a kati, ta ba wanda zai yi wasan mara lafiya ya haddace. In ɗayanmu yana duba shi, ɗayan ya zauna a kusurwa yana ba da maki.

Wahalarmu ta farko ita ce masu wasan. Ma'aikatanmu ba su iya ba. Wannan ta shigo tana ɗingishi, ido na haɗuwa sai ta fashe da dariya. Wancan kuma tsoron likita ya hana shi, kome ka ce sai ya ce, “Haka ne, ranka ya daɗe.” Sai na tuna da mahaifina. Ga shi can a layi na biyu, mai jar hula. Duk wanda ya tashi a cocin Dabai ya san shekara ashirin shi ke fitowa a Sarki Hirudus a wasan Kirsimeti, har yara kan ɓuya bayan iyayensu in ya daka tsawa. Na je na ce, “Baba, ka zo ka taimake mu, zama kawai za ka yi ka yi ƙaryar ciwo.” Ya dube ni ya ce, “Ƙaryar ciwo? To, wannan zan iya.”

Baƙinmu da ba 'yan ƙasar nan ba, ku ba ni dama in gaya muku wane ne wannan mutum, in ba haka ba labarin ba zai zauna muku ba. Mu ƙabilar Lelna muna da al'adar da ake kira golmo, inda saurayi ke yi wa gidan surukansa noma shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Baba ya yi shekara bakwai cur yana yi wa gidan su mahaifiyata noma. A gonar golmo fartanya ta sare ka, ƙaya ta shige ka, kunama ta harbe ka, ba ka cewa wayyo, domin ana kallonka, kuma abin da ake aunawa ke nan. Daga can ya shiga soja, ya je Kwango, ya dawo ya shiga yaƙin basasa. Akwai ƙarfe a cinyarsa har yau. Tun da aka haife ni ban taɓa jin mutumin nan ya ce kansa na ciwo ba. Namijin da ya yi golmo ba ya kai kuka wurin ɗansa, ko da ɗan nan likita ne. Ni ɗan ƙasa ne, na san haka sarai, kuma sanin bai amfane ni da kome ba.

Baba ya zo ya gyara mana gwaji. In kati ya ce mai tari, sai ya yi tarin da za ka miƙa masa ruwa. In kati ya ce mai faɗa, sai ya buga tebur har Sista Theresa ta dafe ƙirji. Ran nan aka ba shi kati mai cewa: manomi, shekara saba'in, ciwon ƙugu wata uku. Ni ke duba shi. Cikin minti shida na gama, na faɗi ciwo, na faɗi magani, na jingina ina jiran yabo. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana juya hularsa a hannu. Ya ce, “Likita, akwai wani ɗan abu kuma, amma ba kome ba ne.”

Kun san abin da na ce? Na ce, “Baba, wannan ba ya cikin kati. Ka bi kati, kada ka rikita mana lissafin lokaci.”

Ya ce, “To, likita.” Ya sa hularsa ya fita.

Mako na gaba aka ba shi wani kati dabam, na mai ciwon ido. Da muka gama ya sake tsayawa a bakin ƙofa, ya sake cewa akwai wani ɗan abu. Na ce, “Haba Baba, Hirudus ya motsa ke nan? Nan ba coci ba ne, ba a ƙara wa wasa gishiri.” Aka yi dariya, shi ma ya yi. Sau uku mutumin nan yana tsayawa a ƙofar nan, sau uku ina mayar da shi kan kati. Sista Theresa tana nan, in ƙarya nake yi ta tashi ta faɗa.

Abu na uku, kuma shi ne wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne sauraro. Wata Alhamis a watan Janairu aka juya, Dakta Raudatu ce ke duba Baba, ni ina kusurwa da takardar maki. Na gyara zama, na fiƙe fensir, don na ƙudura sai na samo mata laifi. Ita kuwa kun san ta, in ta yi tambaya sai ta yi shiru kamar ta manta da abin da ya kawo ta. Ni abin haushi yake ba ni. Ta kai minti tara tana abu ɗaya. Baba ya miƙe, ya kai ƙofa, ya cire hula, ya faɗi maganar nan tasa.

Sai ta ajiye alƙalami, ta ture katin gefe. Ta ce, “Baba Sajan, dawo ka zauna. Ina jin ka.”

Ya dawo ya zauna, bai ce kome ba. Ita ma ba ta ce kome ba. Sista Theresa ta kaɗa ƙararrawa. Ba wanda ya motsa. Ta sake kaɗawa, Dakta Raudatu ta ɗaga mata hannu ba tare da ta juyo ba. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na rubuta da manyan baƙaƙe: ta wuce lokaci, ta faɗi. Har na ja layi biyu a ƙarƙashi. Can sai ta juyo ta ce, “Yaya Dakta, Sista, don Allah ku ɗan ba mu wuri.”

Na ce, “Wane wuri? Ai gwaji muke yi.”

Ta ce, “Gwaji ya ƙare.”

Jama'a, aka fitar da ni. A asibitin da na girme ta da shekara goma, a gaban uban da ya haife ni, yarinyar da na nuna wa inda ake ajiye safar hannu ta sa aka ja mini ƙofa. Na tsaya a baranda da takardar maki a hannu, minti arba'in, ina jin muryar mahaifina ƙasa-ƙasa ta bayan katako, irin muryar da ban taɓa jin ya yi magana da ita ba. Da suka fito na ce, “Me ya ce?” Ta ce, “Shi zai gaya maka in ya shirya.” Na ce, “Ubana ne fa!” Ta ce, “Na sani, Yaya Dakta. Amma mara lafiyata ne.”

Washegari na tafi ofishin Malam Gabriel da zafina. Na ce yarinyar nan tana shiga sha'anin gidana, tana raba ni da mahaifina, a ja mata kunne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Japhet, da kai ne wani tsoho ya ba amana, za ka faɗa wa ɗansa?” Na fita ban ko yi masa sallama ba. Yau a gaban jama'a nake cewa ka yi gaskiya, ranka ya daɗe, ko da yake har yanzu ba ta yi mini daɗi ba.

Mako biyu ina gaisawa da ita da ka kawai. Mako biyu ina zuwa Dabai ina zama kusa da Baba, muna maganar taki da farashin dawa, ina jira, yana kallon gona. Sai da Dakta Raudatu ta lallashe shi ya yarda, sannan ta kira ni ofishinta, yana zaune yana kallon ƙasa, ta gaya mini da bakinta. Abin da zan faɗa yanzu da izininsa zan faɗa, domin ya ce mini, “Gaya musu, akwai irina da yawa a kan bencin nan.” Wata takwas Baba yana fitsarin jini. Wata takwas! Yana tashi ya wanke wurin da kansa don kada mahaifiyata ta gani. Yana cin tuwo da ni ran Lahadi. Yana zuwa asibitin nan sau biyu a mako, yana zama taku biyu daga inda nake, yana yi mini tarin ƙarya da ciwon idon ƙarya, yana neman ƙofar da zai shigo da na gaskiya ba tare da an ce ɗan golmo ya kai kuka wurin ɗansa ba. Wasan nan shi ne kaɗai hanyar da ya samu, ni kuma na tsaya a kanta da kati.

Aka kai shi Sakkwato, aka sami ƙari a mafitsara, aka yi masa aiki a watan Fabrairu. Likitan da ya yi aikin ya ce da an ƙara wata uku da ba a yi maganar aiki ba. Ya kamata in durƙusa in gode mata, kuma na gode, amma Allah shi ne shaida godiyar da ɗaci ta fita. Domin tun daga ranar Baba ba shi da likita sai ita. Ya zo asibiti ya wuce ƙofata, ya ɗaga mini hannu kamar maƙwabci, ya je ya bi layi a ƙofarta. In na ce, “Baba, yaya jiki?” sai ya ce, “Lafiya lau.” In ta ce, “Baba Sajan, yaya jiki?” sai ya ja kujera. Farkon masarar da ta nuna a gonarsa bana, gidan Alhaji Na'Allah aka kai ta. Ni sai a bakin mahaifiyata na ji cewa masara ta nuna.

Satifiket ɗin nan, in na yi haƙuri, wata rana zan samu ko in rasa, duniya ba za ta tashi ba. Amma a ce ubanka yana da abin faɗa, ya duba duk ƙasar Zuru ya zaɓi kunnen wani ya bar naka, wannan ba na jin akwai wanda zai ce mini bai san zafinsa ba.

A watan Afrilu muka tafi Legas a mota ɗaya. Na shiga ɗakunan nan da niyyar in saurara, amma hali zanen dutse. Ƙararrawa na kaɗawa sai tsohon Japhet ya dawo, mutum ya fara magana in ƙarasa masa. Sakamako ya fito, ta ci, na faɗi. A ƙasan takardata babban likitan ya rubuta layi ɗaya: wannan likita ya san ciwo, amma bai bar mai ciwo ya yi magana ba. Na nuna wa Sista Theresa don ta taya ni jin haushi, sai ta buɗe littafinta ta ce ai ta daɗe tana ƙirgawa, ba na wuce daƙiƙa goma sha ɗaya kafin in katse mutum. Na ce me ya hana ki gaya mini? Ta ce, “Na fara sau biyu, ka katse ni.”

Ku yi dariyarku, na cancanta. Amma ƙannena likitoci, ku riƙe wannan. Mai wasan da za a zaunar muku a Legas an ba shi abu biyu: ciwon da zai faɗa da an tambaye shi, da damuwar da ba zai faɗa ba sai an ba shi fili. Ba don mugunta aka shirya haka ba, haka mutanenmu suke. Wanda ya zo da ciwon ƙugu, wataƙila ba ƙugu ya kawo shi ba. Ku yi gwaji da agogo, ku yi gwaji da ƙararrawa, ku haddace abin da za ku haddace. Amma in mutum ya kai ƙofa ya tsaya yana juya hula, ku ajiye alƙalami. Ku kuma iyayenmu da ke ƙarƙashin rumfa, kun yi golmo, kun yi yaƙi, ba wanda ke shakkar jarumtakarku. Ba sai kun ɓoye jini a bayan gida za mu san ku maza ne ba.

Da a nan na shirya tsayawa. Abin da na rubuta a takardar nan ya ƙare, ga ta, kuna gani. Amma wani abu ya faru yau da safe da ba zan iya komawa kujera da shi ba.

Tun da aka sa ranar tafiyar Dakta Raudatu, abu ɗaya ke cina: in ta tafi, Baba zai koma shirunsa, kuma irin ciwonsa ba ya son shiru. Yau na je Dabai na ɗauko shi a mota. Mun baro gari kaɗan sai ya ce, “Yarinyar nan da gaske gobe za ta tafi?” Na ce, “Gobe, Baba.” Ya mayar da ido kan hanya. Sannan ya ce, ba da ni yake ba, kamar da gilashin mota yake, “To, yanzu wa zan gaya wa?”

Jama'a, ɗansa likita yana riƙe da sitiyari, kafaɗarmu na gugar juna, yake tambayar wa zai gaya wa. Maganganu goma suka taso mini a wuya lokaci ɗaya. Na so in ce ni fa, ni ba likita ba ne? Na so in ce wa ya kai ka Sakkwato, wa ya kwana a bakin gadonka? Na so in jero masa tambayoyi irin namu, tun yaushe, sau nawa, da zafi ko babu. Na ciji leɓena har na ji gishiri. Na gangara gefen hanya kusa da wata gonar dawa, na kashe mota, na ɗora hannuwana a cinya, na yi abin nan nata da ke ba ni haushi. Na yi shiru.

Ban san tsawon lokacin ba. Masu babur suna wucewa suna leƙenmu. Wata mata ta wuce da itace a kafaɗa ta gaishe mu, ba wanda ya amsa. Gumi ya jiƙa mini wannan babbar riga da na sa don taro. Sau biyu bakina ya buɗe da kansa na rufe shi. Can Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, “Japhet, jinin ya dawo. Yau kwana goma sha biyu.”

Na ce, “Ina jin ka, Baba.”

Ya gaya mini sauran, duka, har da abin da yake tsoro, har da abin da yake so a yi wa mahaifiyata in abin ya zo da ƙarar kwana. Wannan nawa ne da shi, ba na taro ba ne. Da ya gama na ce ko ya gaya wa likitarsa? Ya ce a'a, ya ga tana haɗa kaya, bai so ya ɗaura mata nauyi a hanya ba.

Dakta Raudatu, na ga kin dafe baki. Yanzu kike ji, a gaban mutane, ki gafarce ni, shi ya ce in faɗa a nan don kada ya sake samun wurin ɓuya. Wannan karon na riga ki. Wata bakwai ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da mahaifina zai gaya mini abin da bai gaya miki ba, ga ta ta zo. Da na san da wannan labari zan riga ki, da ban roƙa ba.

Ba zan ce ki fasa tafiya ba, Maiduguri ma akwai iyayen wasu. Abu ɗaya nake roƙo, ni yayanki a aiki, ɗalibinki a wannan fanni: kafin ki hau mota gobe, ki zauna da ni ki miƙa mini fayil ɗinsa hannu da hannu, ki gaya mini duk abin da kika sani wanda ban tsaya na ji ba. Jibi da asuba ni da shi za mu kama hanyar Sakkwato. Malam Gabriel, a nan nake neman izinin tafiya. Limamai da fastoci, kun ji sunan, Mika ne, ku sa shi a addu'a.

Allah ya kai Dakta Raudatu lafiya, ya sa ɗalibanta su ɗauki halinta tun suna da sauran baƙin gashi, kada su jira irin ranar da na jira. Allah ya saka wa Alhaji Na'Allah da ya ba ta tarbiyya. Allah ya ba ƙannenmu sa'ar jarrabawa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na kwance da na tsaye, da waɗanda ke zaune a nan suna murmushi ba su gaya wa kowa ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Zuru lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya cire mini abin da ke raina game da wannan baiwar Allah, don ni kaɗai na kasa. Allah kuma ya bar mini mahaifina, ko da shekara ɗaya ce, yanzu da ya fara yi mini magana.

Na gode.